Daga Akwatin Gida zuwa Rajistar Meri: Yadda Ake Bin Salsala a Arewacin Kamaru

Shekarar da kawuna ya rasu a Garwa, aka ce mu tattaro takardunsa a kai kotu domin a fitar da hukuncin magada. Muka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado muka buɗe, sai ga mutum ɗaya da fuska uku. A katin ɗan ƙasa an rubuta sunansa yadda Fulani ke faɗinsa, a takardar makaranta yadda kunnen malamin Faransanci ya ji shi, a wani tsohon tikitin haraji kuma da inkiyar da Hausawa ke yi wa mai wannan suna. Shekarar haihuwa ma biyu ce, da ratar shekara huɗu a tsakani. Tun daga ranar nake kai-kawo tsakanin ɗakunan tsofaffi da ofisoshi, kuma hanyar da na ga tana fisshe mutum ita zan shimfiɗa a nan.

Kafin ka ɗaura ɗamara, ka san iyakar kayan aikinka. Takarda a ƙasarmu yarinya ce. Kakanninmu sun shigo Fombina, wato ƙasar Adamawa ta da, fatauci da almajiranci tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, suka zauna a Hausare ta Garwa, da unguwar Hausawa ta Ngaundere, da Tibati da Banyo, ba tare da wani ya rubuta sunansu a rajista ba. Jamusawa sun ci Ngaundere da Garwa a 1901, Marwa a 1902, sannan Faransawa suka gaje su bayan yaƙin da ya ƙare a dutsen Mora a Fabrairun 1916. Rajistar 'yan ƙasa ba ta kankama ba sai shekarun 1930, ita ma galibi masu aiki da Nasara ta kama. Saboda haka takarda za ta kai ka ga uba, in an yi dace ta kai ka ga kaka. Daga nan sai baki. Shi kuwa baki yana da zurfi, amma ba ya riƙe kwanan wata, kuma yana karkata ga abin da zai ƙara wa gida kwarjini. Aikin gaba ɗaya shi ne ka sa takarda ta binciki baki, baki ya binciki takarda.

Mataki na farko: fara da kanka

Sayi littafi mai bango mai ƙwari, ka ba kowane mutum shafi guda. Shafin farko naka ne, na biyu da na uku na mahaifinka da mahaifiyarka, sai kakanni huɗu. A kowane shafi ka bar gurbin sunan yanka, da laƙabi, da sunan da ke kan takarda harafi da harafi, da wurin haihuwa, da sana'a, da aure nawa aka yi, da 'ya'yan kowane ɗaki, da inda aka binne shi.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ƙarama ce. Abin da na gani da idona a takarda, da biro nake rubuta shi. Abin da aka faɗa mini, da fensir, tare da sunan wanda ya faɗa da ranar. Bayan shekara biyu ba za ka iya tuna ko daga bakin goggo ka ji magana ko daga rajista ka kwafo ta ba, amma launin rubutun zai gaya maka.

Kuma kada ka yi tsalle. Kowa a Hausare zai ce maka "mu daga Kano muka zo" ko "mu Katsinawa ne". Ajiye wannan a shafin baya. Hawa ɗaya-ɗaya ake yi, daga ɗa zuwa uba, ba a saukowa daga wani sarki ana neman inda za a maƙala kai.

Mataki na biyu: tsofaffi, musamman mata

Wannan ya riga zuwa meri, wato ofishin magajin gari, domin rajista za ta jira ka, tsohuwa kuwa ba ta da alkawari da kai. Maza sun iya labarin fatauci da yaƙi da wanda ya yi sarauta. Wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya sha nonon wa, wannan ilimin mata ne. Nemi goggo, nemi inna, nemi kishiyar kakarka in tana raye, don ita ta san abin da 'yan ɗaki ba za su faɗa ba.

Je da hantsi ko bayan la'asar, da goro da ɗan turare ko sabulu. Kada ka buɗe littafi tun daga bakin ƙofa, sai ta ɗauka maganar gado ce ta ja bakinta. Gaisa sosai, ka ce, "Goggo, so nake ki ba ni labarin gidanmu, kada yaranmu su tashi ba su san kowa ba." In za ka naɗi murya a waya, nemi izininta. Kuma ka zauna da kowace ita kaɗai. In ka haɗa tsofaffi biyu, ƙaramar za ta bi bakin babbar ko da ta san ba haka ba ne.

Za ka ci karo da alkunya nan da nan. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Kada ka matsa mata. Ce mata, "Goggo, wa aka mayar wa sunansa a gidan nan?" Sai ta nuna maka yaro. Wannan mayar da suna babbar ƙofa ce. Duk wanda ake kira Abba, ko Baba, ko Babangida, ko Ummi, ko Inna, galibi sunan wani kaka yake ɗauke da shi, kuma sunansa na yanka shi ne sunan da kake nema. Ta haka na samu sunan kakar mahaifina, wadda babu takarda ko ɗaya da ta ambace ta.

Laƙabi ma yana magana. Tanko ya biyo mata, Kande ko Delu ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Sambo ɗa na biyu ne a al'adar Fulani. In an ce kakanka Tanko ne amma a lissafinka babu yayye mata, to akwai waɗanda suka rasu suna ƙanana ko aka aurar nesa aka manta, sai ka koma ka tambaya. Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu, Laraba, Asabe kuwa sun ba ka ranar mako kyauta. Ajiye ta, za ta yi amfani a gaba.

Batun shekara, kada ka ce "wace shekara aka haife shi?" Ba za ka samu komai ba sai ƙiyasi. Tambayi abin da ya faru a lokacin. Wane Lamiɗo ke kan gado? Kafin mulkin kai na 1960 ne ko bayansa? Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, wato 1974, ko tukuna? Kafin farin 1973 ko na 1984? An riga an tsare ruwa a Lagdo? Shugaba Ahijo ya sauka daga mulki, wato Nuwamban 1982? Ga waɗanda suka fi nisa akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yaƙin Jamus da ya ci Garwa a Yunin 1915. Sannan ga azumi. Watan Ramadan yana zagaye shekara cikin kusan shekara 33, don haka in an ce "da azumi aka haife shi, ruwa na zuba tsakiyar damina", ka san azumi ya faɗo cikin Agusta a wajajen 1913, 1946, 1978 da 2011. Zaɓar wadda ta dace ba wuya.

Tambaya ɗaya da ba a so amma dole: "Shi ya haife shi, ko riƙonsa ya yi?" A gidajenmu ɗan riƙo da agola da almajirin da ya girma a zaure duk "ɗan gida" ne, kuma haka ya kamata a zamantakewa. A littafin salsala kuwa sai an bambance.

Mataki na uku: akwati, adaka da bangon Alƙur'ani

Roƙi izinin babban gida a fito da duk wata takarda, har wadda ake ganin ba ta da amfani. Tsohon katin ɗan ƙasa yana ɗauke da sunan uba da na uwa. Tikitin haraji yana nuna ƙauye ko unguwa da shekara. Akwai fasfon hajji, littafin soja, takardar fansho, takardar sayen gida ko fili mai sunayen shaidu, katin makaranta. Wanda ya yi aikin gwamnati, ko kamfanin auduga na Sodecoton, ko masaƙar Cicam, ko jirgin ƙasa, lalle ya taɓa tara takardun aure da na haihuwar 'ya'yansa domin karɓar kuɗin iyali, kuma sau da yawa kwafinsu na nan a ƙasan akwati.

In gidan malamai ne, duba bangon Alƙur'ani da gefen littattafai da gafaka. Malamai da yawa sun rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci, da wata da shekarar hijira, kuma wannan ya fi takardar gwamnati daidai saboda a ranar aka rubuta shi. Mayar da shekarar abu ne mai sauƙi: ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931, 1380 kuma 1960. Zai iya gocewa da shekara ɗaya, ba zai wuce haka ba.

Ɗauki hoton komai gaba da baya, har bayan hotuna, inda mai ɗaukar hoto kan buga hatiminsa da sunan gari. Ka mayar da asalin inda ka same shi a gaban mai shi. Wanda ya ari takarda bai dawo da ita ba ya rufe wa kansa ƙofar gida uku.

Mataki na huɗu: karanta takardar haihuwa a tsanake

Yawancinmu sunan mutum da kwanan wata kawai muke dubawa. Takardar ta fi haka. A samanta akwai sunan cibiyar da aka yi ta da lambarta, waɗannan biyu da shekarar su ne adireshinta a rajista. A jikinta akwai sunan uba da na uwa, inda aka haifi kowannensu, shekarunsu ko ranar haihuwarsu, sana'arsu da mazauninsu. Wurin haihuwar uba shi ne matakalarka ta gaba. A ƙasa kuma akwai ranar da aka rubuta takardar da wanda ya kawo sanarwa.

Gwada ranar haihuwa da ranar rubutawa. In kwanaki ne tsakaninsu, kuma asibiti ko uba ne ya sanar, riƙe ta da hannu biyu. In shekaru ne, za ka ga an ambaci hukuncin kotu, abin da suke rubutawa jugement supplétif, da lambarsa. Dalilin yawan wannan a wurinmu a fili yake. A da, dokar 29 ga Yuni 1981 ta ba da kwana 30 kacal a sanar da haihuwa, alhali mai jego ba ta ma gama wankan arba'in ba, a gida aka haihu, an yi suna ran bakwai, kowa ya kama gabansa. Sai yaro ya kai ajin jarrabawar firamare a tuna da takarda. A lokacin likita zai duba shi ya ƙiyasta shekarunsa, a kawo shaidu, kotu ta yanke. Sau da yawa a nan ake rage shekara biyu ko uku don kada a ce ya girmi makaranta. Haka kawuna ya samu shekarun haihuwa biyu.

Inda ka ga né vers ko née vers, ma'anarsa "an haife shi wajajen", ƙiyasi ne, rubuta shi da fensir ko da a takarda ka gan shi. Haka ma 1 ga Janairu, wadda ake liƙa wa duk wanda ba a san ranarsa ba. A nan laƙabi zai taimaka. 1 ga Janairu 1960 Juma'a ce, in mai takardar Ɗanladi ne ka san ranar ta ofis ce. Kalandar waya za ta nuna maka ranar mako ta kowace shekara.

Sai rubutun suna. Sakatare da kunnen Faransanci yake rubutu, kuma sau da yawa ta bakin tafinta Bafulatani. Usman zai zama Ousmanou, Umaru Oumarou, A'isha Aïssatou, Fatima Fadimatou, Hauwa Haoua, Jibrin Djibrilla. Abubakar ɗaya zai iya fitowa Aboubakar, Bouba, Boubakari ko Garba. Muhammadu zai fito Mohamadou, Hamman ko Mamman. Ahmadu kuwa Amadou, Hamadou, Ahmadou. Ƙara da inkiya irin Shehu ga Usman, Sanda ga Umaru, Audu ga Abdullahi, Indo ga A'isha, Kulu ga Hauwa. Tunda ba mu da sunan zuriya mai bin kowa, sai sunan mutum da na ubansa, kada ka yarda cewa ka gano mutum don suna ya zo ɗaya. Sai sunan uba da na uwa da wuri sun haɗu.

Mataki na biyar: meri, ƙananan cibiyoyi da kotu

Rajista iri uku ake riƙewa: ta haihuwa, ta aure da ta mutuwa. Ana yin su a babbar cibiya, wato meri, ko a ƙananan cibiyoyi na ƙauyuka da unguwanni, waɗanda da yawansu ke hannun lamiɓe, wato sarakunan Fulani, da lawanai. A tsofaffin takardu sunan waɗannan centre spécial, dokar 6 ga Mayu 2011 ce ta mayar da su centre secondaire. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba kwafi ɗaya ake yi ba. Dokar 1981 ta ce a riƙe kowace rajista biyu, ɗaya ta zauna a meri, ɗaya a kai ofishin magatakardan kotun matakin farko. Ta 2011 ta ƙara na uku domin BUNEC, hukumar ƙasa mai kula da wannan rajista. A Disamban 2024 an sa hannu a sabuwar doka mai kai rajista cikin kwamfuta, amma kakanka yana cikin takarda, kuma ƙafarka ce za ta kai ka gare shi.

Gano meri da ta dace shi ne rabin wahalar, saboda iyakoki sun sha canzawa. Arewa lardi ɗaya ce mai hedikwata a Garwa har 1983 da aka raba ta uku. Garwa da Marwa da Ngaundere kowacce an tsaga ta gida uku a 2007, don haka takardar da aka yi a 1970 ba ta san da Garwa ta ɗaya ko ta biyu ba, sai ka tambayi inda aka mayar da rajistocin tsohuwar meri ta birni da ta karkara. Takardar da ta ce Margui-Wandala, yankin Mokolo da Mora take nufi. Wadda ta ce Fort-Foureau, Kusuri ce.

Je da sassafe, ran Talata ko Laraba ya fi, da katinka, da hoton takardar da kake bi, da takardun da ke nuna dangantakarka da mai ita. Rubuta lamba da shekara da sunan cibiya a ƙaramar takarda ka miƙa wa sakataren ofishin rajista. Abin da za ka nema shi ne a duba gindin takardar da ya rage a littafi, wanda suke kira souche, a ba ka kwafi mai hatimi. Tanadi kuɗin tambur: na gwamnati sefa 1,500 ne tun 2023, ga kuma na meri. Nemi rasit, kuma ka kauce wa 'yan kamasho da ke bakin ƙofa suna cewa za su fito maka da ita yau-yau. Ta hannunsu takardun bogi ke shigowa gidaje.

In an buɗe littafin, roƙi a nuna maka gefen shafi, domin a nan ake ƙara bayanin aure ko gyaran suna ko rasuwa. Roƙi kuma a leƙa shafukan da ke gaba da baya. Uba kan kwashi 'ya'yansa uku ko huɗu ya yi musu takarda rana ɗaya, sai ka ga ƙannen da ba ka san da su ba a jere.

A wata meri na yi sawu huɗu, ranar ƙarshe aka fito mini da littafin shekarar, rabinsa gara ta cinye, sauran ruwa ya manne shi. Da na tsaya nan da shi ke nan. Wani dattijon masinja ne ya ce in gwada kotu, kuma a can na samu kwafi na biyu lafiya lau. In takardar ta hanyar hukunci aka yi ta, nemi fayil ɗin hukuncin kansa, saboda sunayen shaidun da ke ciki galibi baffanni ne ko kawunnai. In kuwa aka duba ko'ina babu gindi, ko lambar ta faɗa kan sunan wani, to takardar hannunku ba ta da uwa. Kada ka yi hayaniya, rubuta hakan a littafinka, ka koma ga sauran hujjoji.

Mataki na shida: aure

A nan kada ka sa rai da yawa. Aurenmu a zaure ko masallaci ake ɗaura shi, da waliyyi da wakili da sadaki da shaidu, a raba goro a watse. Masu zuwa meri galibi ma'aikata ne da sojoji da 'yan sanda, saboda kuɗin iyali da fansho. In ka dace da irin wannan takarda, tana da daraja: sunayen ma'aurata da iyayensu, wurin haihuwarsu, shaidu, da zaɓin da miji ya yi na mace ɗaya ko fiye. Sai dai ka lura, ranar da ke kanta ranar zuwa meri ce. Na ga wadda aka yi bayan an haifi 'ya'ya biyar.

Inda babu takarda, tambayi wa ya yi walicci. Waliyyin amarya kusan kullum daga dangin ubanta yake, don haka sunansa zai buɗe maka gidan da kakarka ta fito. Tambayi kuma ko auren fari ne. Mace kan yi aure biyu ko uku, ta bar 'ya'ya a Gidar, ta bar wasu a Pitowa, kuma waɗannan 'yan uwan na iya riƙe da takarda ko hoton da ku ba ku da shi.

Mataki na bakwai: mutuwa da gado

Takardar mutuwa ita ce mafi ƙaranci a gidajenmu. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi, kabari kuma babu rubutu. Ba a neman takarda sai in akwai fansho, ko kuɗi a banki, ko gida mai takardar mallaka. Amma inda aka yi ta, tana jawo abin da ya fi ta: takardar zaman dangi da hukuncin magada, wanda ke jera matan mamaci da 'ya'yansa kaf da sunayensu. A ganina babu takardar da ta kai wannan amfani ga mai bin salsala, domin a gaban dangi aka yi ta, kuma a maganar gado ba wanda ke yarda a manta da shi. Nemi irinta a kotun garin da mamacin ya zauna. Nemi kuma takardar rabon gado da liman ko alƙalin fada ya rubuta, sau da yawa da Larabci, tana hannun babban ɗa.

Ka tuna ana rubuta mutuwa inda ta riski mutum. Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne, amma a Dakar ya rasu ran 30 ga Nuwamba 1989, a can kuma aka binne shi. Bafatake ko direba ko mahauci da ya tafi kudu, a Yawunde ko Duwala za a nemi labarinsa, kuma Sarkin Hausawan wurin shi ne farkon wanda za a gaisar.

Mataki na takwas: inda takarda ta ƙare

Daga nan sai fada. Je ta hannun mai unguwa ko Sarkin Hausawa, kada ka faɗa kai tsaye. A fadar Lamiɗo akwai masu riƙe da jerin sarakuna da shekarunsu, wanda zai mayar maka da "zamanin wane" zuwa lissafi. In gidanku ya taɓa riƙe sarautar sana'a, kamar Sarkin Pawa ko Sarkin Aska ko limanci, za a san wanda ya gaji wani. Tsohon maroƙi ma ma'aji ne: sa shi ya yi kirarin gidanku, ka naɗa, ka zauna ka tsince sunaye da garuruwan da ke ciki, ka zubar da zugar. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya yi shekaru yana tattara tarihin lamiɓe daga bakin tsofaffi, kuma ayyukansa za su taimaka wajen daidaita zamani.

Duba zanen fuska a tsofaffin hotuna ka kai wa tsohon wanzami, zai bambance maka na Gobirawa da na Kabawa da na Barebari. Tambayi su wa kakanka ke wasa da su, tunda Bakano da Bazazzagi yake yi, Bagobiri da Bayarabe. In an ce ku Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, to hanyar fataken goro za ka bi. Duk waɗannan manuniya ce, ba hujja ba, amma in uku suka nuna gari ɗaya, ya cancanci kuɗin mota.

Iyaka kuwa ba ta san dangi ba. Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye suna cikin Kamarun Ingila har ƙuri'ar Fabrairun 1961 da ta kai su Najeriya, don haka takardunsu na zamanin En'e can suke, musamman a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna. Tsofaffin can da yawa takardar rantsuwar shekaru suke da ita, ita ma ƙiyasi ce. A ɓangaren Chadi, Fort-Lamy ita ce Injamena kafin 1973, kuma yaƙin 1979 da 1980 ya ci takardu da yawa, ya kuma tsallako da jama'a Kusuri, don haka yaron wancan lokacin a duba masa gaɓa biyu na kogi. Wanda aka ce "ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba", ta Fort-Lamy da Abeche ya bi, kuma zuriyar irinsu na nan a Sudan, a garuruwa irin Mai Wurno. Tsohon sojan Faransa kuwa, lambarsa da ke littafin soja ita za ka rubuta da ita zuwa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa. Ma'ajiyar ƙasa da ke Yawunde, da reshenta na Buya, rahotannin kumandoji da ƙidayar haraji suka fi yawa a cikinsu, suna ambaton sarakuna da manyan fatake, ba kowa ba. Bar su sai ƙarshe.

Mataki na tara: in magana ta saɓa, da abin da ba a so a ji

In takarda da baki suka yi karo, ga yadda nake yi. A kwanan wata, wanda aka rubuta kusa da lokacin shi ke gaba: bangon Alƙur'ani, sannan takardar asibiti, sannan hukuncin kotu. A dangantaka kuwa, tsofaffi biyu daga ɗaki daban-daban da suka faɗi abu ɗaya sun fi mini hatimi. Ma'aikaci kan rubuta ɗan ƙanensa a matsayin nasa don kuɗin iyali ko makaranta, wani yaron kuma da takardar wansa da ya rasu aka sa shi lakkol, wato makarantar boko. Rubuta duka biyun a shafin, kowanne da madogararsa, kada ka goge ɗaya.

Za ka iya tono abin da gida ya binne: kaka da aka kamo a dutse aka sa ɗaka, ko kakan da aka 'yanta ya ɗauki sunan ubangidansa, ko cikin da aka rufa wa asiri. A ƙasar da aka yi cinikin bayi har farkon ƙarni na 20, gidaje kaɗan ne wannan bai shafa ba, ta nan ko ta can. Ni ban yarda a share irin wannan kakar a maye gurbinta da sharifiya ba, jininta ne ke jikinmu. Amma ban yarda kuma a watsa shi a zauren WhatsApp na dangi ba. Littafi biyu nake da su, na kowa da kowa, da wanda ni da babban yayanmu kaɗai muka san inda yake.

In littafin kowa ya yi kauri, buga shi kwafi uku, ka raba gida uku, zai fi kyau a gari daban-daban, ka ajiye hotunan a waya da imel. Rubuta kowane suna sau biyu, da boko yadda muke faɗa da kuma yadda yake a kati. Jaririn da aka haifa a gidan kuwa, a je meri a satin suna. Tsohon da ya rasu, bayan sadakar bakwai wani ya ɗauki katinsa da shaidu biyu ya je ya sanar, wa'adin kwana 90 ne, kuma a ce wa sakatare ya rubuta sunan uba da na uwa cikakke.